Cututtukan Huhu da Hanyoyin Numfashi: Misali daga Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Da wuya malami ya shiga aji a lokacin hunturu bai ji tari yana tashi daga wannan kusurwa zuwa waccan ba. Saboda yawansa, jama'a sun saba da shi har ba su ɗauke shi a bakin komai ba, sai ka ji an ce, "Ai sanyi ne, zai wuce." Sau da yawa yakan wuce ɗin. Amma akwai tarin da ba ya wucewa sai da magani, akwai wanda yake bin 'yan aji ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma wanda yake halaka ƙaramin yaro cikin kwana biyu ko uku.

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda numfashi yake gudana, da sunayen da Hausawa suka ba cututtukan da ke kama huhu da hanyoyin numfashi, da abubuwan da ke haddasa su, tare da kawo misalai daga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo na Jihar Kano. Manufar ita ce ɗalibi mai shirin zama malami ya iya bambance tarin da za a yi jinyarsa a gida da wanda ya wajaba a garzaya da shi asibiti, ya kuma iya bayyana wannan bambanci da Hausar da yara da iyayensu za su gane.

2.0 Yadda Numfashi Yake Gudana

Idan mutum ya shaƙi iska, takan shiga ta hanci, inda gashi da majina suke tace ƙura, su ɗumama iskar, su kuma jiƙa ta. Daga nan ta bi ta maƙogwaro ta gangara cikin bututun iska, wanda ya rabu gida biyu a cikin ƙirji, reshe ɗaya zuwa huhun dama, ɗaya zuwa na hagu. Huhun dama yana da sassa 3, na hagu kuwa 2, domin ya bar wa zuciya wuri. A cikin huhu rassan nan suna ci gaba da rarrabuwa kamar rassan bishiya, har su ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu yawan gaske, sama da miliyan 300. A bangon waɗannan jakunkuna ne jini yake karɓar iskar oksijin, ya kuma sauke gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita domin a fitar da ita waje.

Baligi mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa. Duk abin da ya toshe hanyar iska, ko ya matse ta, ko ya cika jakunkunan nan da ruwa, zai hana oksijin isa ga jini. Shi kuwa tari, wata dabara ce ta jiki ta korar abin da ya tsaya a hanya. Ke nan tari alama ce da ke nuna akwai matsala, kuma cututtuka mabambanta ne suke kawo shi.

3.0 Sunayen Cututtukan a Hausa

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomi a wannan fage. Ga kaɗan daga cikinsu:

Mura: toshewar hanci da yoyon majina da atishawa, wani lokaci da ɗan zazzaɓi.
Kaki: kakkaurar majinar da ake tarowa daga ƙirji.
Haki: numfashi da sauri-sauri, kamar na wanda ya yi gudu.
Shessheƙa: jan numfashi da ƙyar, a kakkatse.
Sanyin haƙarƙari ko limoniya: kumburin huhu mai zuwa da zazzaɓi da ciwon ƙirji.
Tarin shiƙa: tarin yara mai zuwa a jere ba hutu, har yaro ya shiɗe ko ya yi amai.
Tarin fuka ko tibi: daɗaɗɗen tari mai ramar da mutum.
Asma: matsewar hanyoyin iska mai tasowa lokaci-lokaci.
Mashaƙo: ciwon maƙogwaro mai hana haɗiya da numfashi.

Wajibi ne malamin Hausa ya lura da kalmomi biyu daga cikin waɗannan. Ta farko ita ce fuka. A tsohuwar Hausa, fuka tana nufin ciwon da ke sa numfashi ya riƙa fita da ƙyar, wato abin da yanzu ake kira asma. A yau kuwa, asibitoci da gidajen rediyo suna amfani da tarin fuka ne da ma'anar tibi. Wannan ya sa wasu suke ɗaukar cututtukan biyu abu ɗaya, alhali tibi ana ɗaukarsa daga wani, asma kuwa ba a ɗauka. Ta biyu ita ce mashaƙo, wadda a da ake faɗa wa kusan kowane ciwon maƙogwaro, amma tun daga annobar 2022 da 2023 ma'anarta ta fi karkata ga wata cuta guda mai kisa, wadda bayaninta zai zo a gaba. Rikicewar suna takan kai ga rikicewar magani.

4.0 Yanayin Gwarzo da Kabo

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa Gwarzo tana da mutane sama da 180,000, Kabo kuwa sama da 150,000. Mafi yawan mutanen garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya a Gwarzo, da Garo da Gude da Durun a Kabo, manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Akwai abubuwa huɗu a rayuwar yankin da suke da alaƙa da lafiyar huhu.

Na farko shi ne hunturu. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, busasshiyar iska takan kaɗo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, musamman daga ƙwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Wannan ƙura ce take zama hazo. Takan busar da hanci da maƙogwaro, ta raunana tacewar da suke yi, sannan sanyi ya sa mutane su cunkushe a ɗaki su rufe ƙofa da taga, abin da ke sauƙaƙa wa ƙwayoyin cuta tsallakawa daga wani zuwa wani.

Na biyu shi ne hayaƙi. A mafi yawan gidaje da itace da kara da gawayi ake girki, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙar hayaƙin. Haka kuma, a daren sanyi wasu sukan shigar da kaskon garwashi ɗaki su rufe. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana iya kashe masu barci ba tare da sun farka ba. Hayaƙin janareta ma haka yake.

Na uku shi ne ƙurar sana'a. Lokacin kaka ana sussuka da shiƙar gero da dawa, ana casar masara, ana ɓarar gyaɗa. Masu injin niƙa da masu fasa dutse da 'yan acaɓa suna yini cikin ƙura. Manoman rani na bakin madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Pada kuwa, da yawansu suna feshin maganin ƙwari ba tare da sun rufe hanci da baki ba.

Na huɗu shi ne cunkoso, a azuzuwa da makarantun allo da ɗakunan kwanan ɗalibai da motocin haya na ranar kasuwa.

5.0 Manyan Cututtukan da Alamominsu

5.1 Mura

Ƙwayoyin cuta na bairos ne suke kawo mura, kuma takan warke da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Abin da mai mura yake bukata shi ne hutu da shan ruwa da abinci mai ɗumi. Magungunan kashe bakteriya, waɗanda ake saye barkatai a kemis, ba sa yi wa bairos komai, kuma yawan shansu ba bisa ƙa'ida ba yana sa su daina aiki a ranar da ake bukatarsu.

5.2 Limoniya

Limoniya takan faru ne idan ƙwayoyin cuta suka kai can cikin huhu, jakunkunan iska suka cika da ruwa da mugunya. Tana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a wannan shekarar.

Ana iya gane ta ko babu na'ura. A ƙirga numfashin yaro na tsawon minti ɗaya cur yayin da yake natse. Idan jariri ne ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. Idan aka ga ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana jijjiga, ko leɓunansa sun sauya launi, to ba a kwana da shi a gida. Idan aka kai shi da wuri, maganin amoksisilin yakan wadatar a mafi yawan lokuta. Idan aka makara, sai an haɗa da allurai da iskar oksijin.

5.3 Tarin Fuka

Wata ƙwayar bakteriya ce take kawo tarin fuka, wadda likitan Jamus Robert Koch ya bayyana gano ta ranar 24 ga Maris, 1882. Shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Tana yaɗuwa ne ta iska, idan mai ita ya yi tari ko atishawa, musamman a rufaffen ɗaki. Akwai kuma nau'in da ake samu daga shan madarar saniya mai cutar idan ba a tafasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutane kimanin miliyan 10.8 suka kamu da ita a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu cutar.

Babbar alamarta ita ce tarin da ya kai mako 2 ko fiye, tare da zazzaɓin yamma da gumin dare da rama da rashin cin abinci, wani lokaci da jini a kaki. A wajen ƙananan yara, alamar takan zama rashin girma da yawan kasala. Rashin abinci mai gina jiki da ciwon suga da cuta mai karya garkuwar jiki suna buɗe mata ƙofa.

Tarin fuka yana warkewa. Ana gwada kaki da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, kuma takan ba da sakamako cikin kimanin awa biyu. Magani na wata 6 ne: wata 2 na farko ana shan haɗin magunguna 4, wata 4 na ƙarshe haɗin magunguna 2. Ɗaya daga cikinsu yakan mayar da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Gwaji da magani kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda yake da cibiyar horar da ma'aikata a Saye ta Zariya, yake kuma da jami'i a kowace ƙaramar hukuma. Haɗarin da ya fi girma shi ne majiyyaci ya ji sauƙi bayan wata ɗaya ko biyu ya ajiye magani. Ƙwayoyin da suka saura sukan farfaɗo, wani lokaci su zama masu bijire wa magani, jinya ta ƙara tsawo da wahala.

5.4 Asma

Mai asma hanyoyin iskarsa ne suke kumbura su matse idan ya haɗu da abin da jikinsa ba ya so, kamar ƙura ko hayaƙi ko turare ko sanyi ko gashin dabbobi. Sai ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito, musamman da dare ko da asuba. Takan bi jinin dangi, amma ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya. Ba a raba mutum da ita gaba ɗaya, sai dai ana shawo kanta da maganin shaƙa da ake kira inhela. Wasu iyaye suna ƙin inhela wai yaro zai saba da ita. Wannan kuskure ne, domin ita ce take kai magani kai tsaye inda ciwon yake.

5.5 Mashaƙo da Tarin Shiƙa

Waɗannan biyun allurar rigakafi tana hana su. Mashaƙo yakan fara da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, sannan wata fata-fata mai ruwan toka ta rufe maƙogwaron, wuya ya kumbura. Dafin ƙwayar cutar yana iya taɓa zuciya. A watan Disamba na 2022 aka ba da rahoton ɓullarsa a jihohin Kano da Legas, kuma a 2023 Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 da ba a kammala yi musu rigakafi ba, wato dai 'yan firamare da ƙaramar sakandare da ƙannensu.

Jadawalin rigakafi na ƙasa ya tanadi allurar BCG da zarar an haifi jariri, domin kare shi daga munanan nau'o'in tarin fuka. Sai allurar Penta, wadda aka fara a Nijeriya a 2012, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, tana kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. Tare da ita ake yin allurar rigakafin limoniya. Ta ƙyanda kuwa a wata na 9 da na 15 ake yi, kuma tana da muhimmanci a nan domin ƙyanda takan bar limoniya a bayanta.

5.6 Daɗaɗɗen Ciwon Huhu

Shekaru masu yawa na shan taba ko shisha, ko shaƙar hayaƙin girki, ko ƙurar dutse, suna lalata huhu sannu a hankali, har mutum ya kai ga haki idan ya yi 'yar tafiya kaɗan. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Taba ce kuma babbar mai haddasa ciwon dajin huhu. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba.

6.0 Al'ada da Magani

Hausawa suna da hanyoyinsu na jinyar tari tun kaka da kakanni. Akwai shan citta da kanumfari da masoro, da zuma da lemun tsami, da yin sirace. Waɗannan suna sanyaya maƙogwaro, suna kuma rage wahalar mura, sai dai ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Amma ba sa kashe ƙwayar tarin fuka ko ta mashaƙo, kuma dogaro da su a irin wannan hali jinkiri ne mai tsada.

Akwai kuma al'adun da ya kamata a sake dubawa. Cire belu da wanzamai suke yi, bisa zaton shi ne yake kawo tari da amai, yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, alhali belu halitta ce mai amfani wajen haɗiya. Tsaga a haƙarƙari ba ta kai wa ga huhu, balle ta fitar da ciwon da ke cikinsa. Haka nan danganta tarin fuka da sammu ko haɗiyar gashin mage yana sa a ɓata watanni ana neman magani inda babu shi. Mafi muni shi ne tsangwama. Tsoron kada a ce gidan wane akwai tibi, a ƙi auren 'ya'yansu, yakan sa a ɓoye majiyyaci a ƙuryar ɗaki, inda zai shafa wa na kusa da shi. Hausawa kuwa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

7.0 Rawar da Malami Zai Taka

Ba a bukaci malami ya zama likita ba, bai kuma kamata ya rubuta wa kowa magani ba. Amma shi ne yake ganin yaro kwana biyar a mako, don haka yakan riga kowa lura da canji. Ana sa ran malami zai yi waɗannan abubuwa:

(a) Ya bar tagogin aji a buɗe gwargwadon hali, ko da a lokacin sanyi ne.
(b) Ya sa a yayyafa ruwa kafin shara, ya kuma keɓe mai asma daga shara da goge allo da ƙona bola.
(c) Ya koya wa yara rufe baki da hanci da hankici ko lanƙwasar hannu yayin tari, da barin tofar da kaki a ƙasa, da wanke hannu da sabulu.
(d) Ya riƙa lura da littafin kiran suna. Yaron da ya yi mako 2 yana tari, ko yake ramewa, a sanar da shugaban makaranta da iyayensa.
(e) Idan asma ta taso wa yaro, a zaunar da shi a miƙe, a sassauta masa tufafi, a ba shi inhelarsa, a hana yara yi masa rumfa. Idan bai samu sauƙi ba, ko ya kasa magana, a tafi asibiti nan take.
(f) Ya san asibitin da ya fi kusa da makarantarsa. Daga ƙananan asibitocin mazaɓu akan tura majiyyaci Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin gwamnati na Kabo, idan abin ya fi ƙarfinsu a wuce Kano, zuwa Asibitin Zana ko na Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.
(g) Ya kare mutuncin ɗalibi mai jinya. Mai tarin fuka da ya kama shan magani yadda ya kamata yakan daina yaɗa cutar bayan ɗan lokaci, kuma likita ne zai faɗi ranar da zai dawo aji.

Wajen magana da iyaye, sai a yi amfani da lafazi mai taushi. Maimakon a ce wa uba, "Ɗanka yana da tibi," gara a ce, "Malam, na lura tarin yaron nan ya haura mako biyu. Da za a daure a kai shi a gwada kakinsa, gwajin kyauta ne." Taron iyaye da malamai, da haɗa kai da masu unguwanni da limamai da malaman makarantun allo, hanyoyi ne na isar da wannan saƙo ga sauran jama'a.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda iska take bi har ta isa huhu, da sunayen da Hausawa suke kiran cututtukan wannan sashe na jiki, da yadda hunturu da hayaƙi da ƙura da cunkoso suke taimaka musu a yanki irin na Gwarzo da Kabo. An kuma ga cewa yawancinsu ana iya hana su ko warkar da su idan an gane su da wuri. Alamomi uku ne bai kamata malami ya manta da su ba: tarin da ya kai mako 2, da numfashi da sauri ko lotsawar ƙirji a wajen ƙaramin yaro, da ciwon maƙogwaro mai zuwa da kumburin wuya. Duk inda aka ga ɗaya daga cikinsu, asibiti ya kamata a nufa.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana hanyar da iska take bi daga hanci zuwa jini.
2. Wane ruɗani ne ke tattare da kalmar fuka, kuma mene ne illarsa?
3. Kawo abubuwa huɗu a rayuwar mutanen Gwarzo da Kabo da ke shafar lafiyar huhu, ka kwatanta su da na yankinku.
4. Ta yaya za a gane limoniya a jikin yaro ɗan shekara uku ba tare da na'ura ba?
5. Tattaro kalmomi goma da ake amfani da su a karin harshen garinku a kan tari da numfashi, ka ba da ma'anar kowace.
6. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan ladubban tari da atishawa.